Yadda Na Raba Hailala Dubu Saba'in

Shekaru da dama baya, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, kowa na ɗaure rediyo a keke, akwai wata lamba da ta taɓa zaunar da ni ta koya mani hankali. Waɗanda suka san ni a nan sun san lissafi na koyar har na yi ritaya, kuma na sha gumurzu da lambobin da suka ninka ta sau dubu. Amma har gobe in aka ce dubu saba'in, sai na ji wani abu ya taɓa ni a ƙirji.

Lokacin ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, ina ji da kaina ƙwarai, don a lissafi babu mai ja da ni a ajinmu. Ranar da muka gama jarrabawar fita na hau babbar mota zuwa Ƙanƙara, na sauka da burodi a hannu da batir guda huɗu na rediyon mahaifina. Daga nan na kama hanyar ƙauyenmu da ƙafa, can gefen Ketare. Damina ce, gero ya kai ƙugu, ni kuma sai fito nake yi. Ban yi nisa ba na gamu da wani dattijo maƙwabcinmu a kan jaki. Ya tsaya, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

Haka na ji rasuwar mahaifina, a tsakiyar hanya, da burodi a hammata. Kwanansa goma sha takwas a ƙasa. An ɓoye mani ne wai don kada jarrabawata ta lalace.

Na isa gida ban yi kuka ba. Baffana, ƙanin mahaifina, ya tare ni a zaure yana ba ni haƙuri, na amsa masa da ladabi, amma a raina na riƙe shi, don na ɗauka shi ya yanke shawarar a rufe ni. An yi wanka ba ni, an yi sallah ba ni, an kai shi ba ni, sadakar uku da ta bakwai duk ba ni. Ni ne babban ɗansa, amma ko ƙasa ban zuba masa ba. Zuciyata ta bushe ƙamas, ina zaune a kan tabarma ina karɓar gaisuwa kamar baƙon da ya zo rakiya.

Washegari da safe goggona ta kira ni ɗakin mahaifiyata. Goggon nan yayar mahaifina ce, a Sabuwa take aure, ta zo ta tare a gidan sai an yi arba'in. Mace ce mai baki, in ta tsokane ka sai ka rasa inda za ka sa kanka. Mahaifiyata kuwa tana zaune a lungu cikin takaba, ta rame, idonta a ƙasa.

Goggo ta ce, "Malamin boko, zauna. Uwarka ba ta cin abinci, kuma ba mutuwar kaɗai ke hana ta ba. Ubanka ya bar mata wasiyya. Ya ce in ya riga ta, a yi mashi hailala dubu saba'in kafin arba'in ɗinshi, ta ce ta ɗauka."

Na san malamai suna da maganganu a kan wannan al'ada, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. A gidajenmu dai haka muka taso muka tarar: ana yi wa mamaci La'ilaha illallahu ƙafa dubu saba'in, ana fatan Allah ya 'yanta shi da ita. Mahaifiyata ta yi alkawari ga mai shirin barin duniya, kuma ba ta so ta danƙa shi a hannun kowa, sai ta fara ita kaɗai. Tana ja, tana jefa ƙwayar masara a ƙwarya. To, gidan makoki ne. Tana cikin ja masu gaisuwa su shigo, ƙirga ya ɓace. Rannan kuma ta fita alwala, kaji suka shiga suka cinye mata aikin kwana tara.

Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Ni ban san iyakar dubu saba'in ba. Kullum ina yi, kullum kamar ban fara ba. Ga kwanaki na tahiya."

Wallahi a karo na farko tun saukata na ji ina da amfani a gidan. Na ce, "Inna, wannan ai aikina ne."

Na fita tsakar gida na samu tsinke, na share ƙasa, na rubuta bakwai da sifiri huɗu. Matan gidan suka kewaye ni. Maimakon in tafi kai tsaye ga abin da ake bukata, sai malantar ta motsa. Na ce masu lambar nan cika ce, ba mara ba. Na ce akwai lambobi masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su bakwai da goma sha ɗaya, amma wannan ba ta cikinsu. Na raba ta biyu, na sake, na sake, na sake, sau huɗu, har ta ƙi. Na koma raba ta biyar, shi ma sau huɗu. Abin da ya rage a ƙasa bakwai ne tak. Na ce, "Kun gani? Duk girmanta, biyu ce guda huɗu, da biyar guda huɗu, da bakwai guda ɗaya, aka ninka su. Lambobi hamsin cif ne ke raba ta ba saura. In kuma kuka tara su duka ban da ita kanta, za su ba ku dubu ɗari da ashirin da uku da ɗari shida da tamanin da takwas, wato sun fi ta yawa. Irin wannan a littafi mai yalwa ake ce mata."

Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. To mai yalwa, mu nawa za mu ja?"

Aka yi ƙirga. Mahaifiyata, goggo, ƙannena mata biyu, matar baffa, da wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta rantse sai an sa da ita. Su shida. Na buga, na ga matsala. Shida tana da uku a cikinta, dubu saba'in kuwa babu uku a jikinta ko ɗaya. Kowa zai samu dubu goma sha ɗaya da ɗari shida da sittin da shida, huɗu su yi saura, kuma babu mai iya riƙe wannan a ka. Na ce ko dai a rage mutum ɗaya su zama biyar, ko a ƙara ɗaya su zama bakwai.

"A rage wa?" in ji tsohuwar, tana harara ta.

Na yi maza na ce a ƙara dai, bari in yi wa baffa magana. Goggo ta ce, "Baffanka na zaure da baƙi. Kai mi kake yi? Ko bokon ya hana a ja tasbaha? Ga na bakwai nan tsugune da tsinke."

Ni da na zo a matsayin mai tsarawa, sai ga ni cikin sahu. Amma da bakwai ɗin ta shigo, lissafin ya kwanta lafiya lau har ya ba ni sha'awa. Mutum bakwai, kowa dubu goma. Kowa ya ja ɗari bayan kowace sallah, ɗari biyar ke nan a yini. Kwana ashirin, an gama. Ranar kwana goma sha tara ne da rasuwar, in muka fara da asubahin ranar da muka wuce mu rama ta da hantsi, za mu sauke ana saura kwana biyu arba'in. Na sa aka samo gwangwanayen madara bakwai masu murfi saboda kaji, kowa zai jefa ƙwayar wake ɗaya in ya zagaye tasbaha sau ɗaya. Ranar da wakenka ya kai ɗari, ka sauke naka.

Mahaifiyata ta ɗago ta ce, "Sau ɗaya kacal bayan kowace sallah? Shi ke nan dubu saba'in ɗin?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna."

A ranar ta ci tuwo.

Tasbaha kuwa ba mu rasa ba. Shekarun nan ne aikin hajji ya yi sauƙi, jirgi na ta kwasar mutane, manoman auduga da fataken shanu duk suna dawowa da haƙorin Makka. Baffa ya sauke farali a shekarar, ya zo da tasbahohin roba korra shar cike da jaka, ya raba wa kowa a gidan. Ni ma an ajiye mani tawa. Gaskiyar magana, kafin lokacin ban taɓa zama na ja tasbaha da gaske ba. In na sallame, 'yan yatsu nake ɗan lanƙwasawa in tashi.

Kwana ashirin ɗin nan sun yi mani daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Gidan ya samu abin yi ban da zaman jugum. Da an sallame sai ka ji ƙwas, ƙwas, wake na faɗawa gwangwani daga ɗaki zuwa ɗaki. Ni kuma na zama sufeto, ina bi ina tambaya ko kowa ta jefa nata, har goggo ta ce in na sake leƙa gwangwaninta sai ta kwaɗa mani muciya. A raina ina cewa, ban ga gawarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, amma wannan guda ɗaya ni na tsara masa ita, kuma ba za a samu kuskure ko na ƙwaya ɗaya ba.

Muka sauke ranar da na faɗa. Aka zazzage wake, kowa ɗari cif. Mahaifiyata ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, na sauke nauyin bawan Allah." Na ga kafaɗunta sun sauka.

Washegari da hantsi, ana gobe arba'in, ina zaune a zaure ina wasa da tasbahata sai zaren ya tsinke, ƙwayoyin suka watse. Na durƙusa na tsince su, na ce bari in ƙirga kada wata ta ɓace. Casa'in da tara. Na ɗaga tabarma, na leƙa bayan ƙofa, na duba cikin takalmi, babu. Na sake ƙirgawa, casa'in da tara. Na aika aka karɓo mani ta ƙanwata, wadda ba ta tsinke ba, na bi ta ɗaya bayan ɗaya. Talatin da uku, talatin da uku, talatin da uku.

Jama'a, zufa ta karyo mani. Ni da na tsaya ina ba mata labarin lambobi hamsin, ban taɓa ƙirga abin da za a yi ƙirgan da shi ba. Na ɗauka duk tasbaha ɗari ce. Na ɗauko takarda na buga. Zagaye ɗari bakwai sau casa'in da tara, dubu sittin da tara da ɗari uku. Ɗari bakwai babu. Na ƙara dubawa, na ga casa'in da tara uku ce sau uku sau goma sha ɗaya, ita da dubu saba'in ba su haɗa dangi ba ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Ko shekara za a yi ana zagaya tasbahar nan ba za a taɓa sauka daidai a kan lambar ba: zagaye ɗari bakwai da bakwai, bakwai su yi saura.

Abu na farko da ya zo mani shi ne in shige ɗaki in ja ɗari bakwai ɗin ni kaɗai, in ja bakina in yi shiru. Kafin azahar na gama, babu wanda zai sani. Har na tashi. Sai na tuna yadda na ji a kan hanyar Ketare, lokacin da na gane kowa ya san abin da ya shafe ni ban da ni, wai don a tausaya mani. Alkawarin nan nata ne, ita ta ɗauka da bakinta. In na rufe ta, na yi mata abin da nake ƙullace da baffa a kansa. Na kuma san abin da faɗar za ta jawo: matar da ta fara cin abinci za ta ji cewa abin da ta yi wa godiya jiya bai cika ba, kuma ɗanta mai ilimi ne ya jawo.

Na shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida ana dakan gumba da jiƙon shinkafar masar sadaka. Mahaifiyata na bakin ƙofarta tana tsintar gero. Na durƙusa na ce, "Inna, akwai magana. Hailalar nan ba ta cika ba. Saura ɗari bakwai."

Taɓaren suka tsaya. Fuskarta ta canza a gabana, har yau ina ganin ta. Ta ce, "Ba ta cika ba? Ba kai ka ce ta cika ba?"

Na ce laifina ne, amma tasbahar Makka ce ta yaudare mu duka, kowacce ƙwaya casa'in da tara ce. Na fara bayanin uku da goma sha ɗaya. Goggo ta ajiye taɓarya, ta goge hannu a zane, ta ciro tasbaharta daga wuya. Ta kama dogon nan na kai, wanda zaren ke haɗuwa a cikinsa, da ake ce wa liman. Ta kawo shi daidai hancina.

"Malamin boko, in ka zagayo ka iso nan, mi kake yi?"

Na ce, "Tsallake shi nake yi mana, in jefa wake. Ai ba ƙwaya ba ne, mariƙi ne."

Ta juya ta dubi matar baffa. Matar baffa ta dubi tsohuwar. Tsohuwar ta ce, "La'ilaha illallahu! Tsallake liman yake yi?"

Sai dariya ta ɓarke. Tun da na dawo ban ji an yi dariya a gidan nan ba sai ranar, kuma a kaina aka yi ta. Ƙannena har da riƙe ciki. Goggo ta ce, "Kai wanga yaro! Wa ya ce maka ana wuce liman ba a yi mashi tashi ba? Casa'in da tara, shi ne cikon ɗari. Wannan ko 'yar da ba ta fara azumi ba ta sani." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kowacce ta ce ita kam ba ta taɓa jefa wake ba sai ta ja ta kan liman. Ashe su shidan nan, da ko baƙi ɗaya na boko ba su sani ba, dubu goma-goma suka sauke cif. Mutum ɗaya ne a gidan ya yi zagaye ɗari yana zubar da guda a kowanne.

Mahaifiyata ba ta yi dariyar da su ba, murmushi kawai ta yi. Ta ce, "To yanzu nawa suka rage?"

Na ce, "Ɗari."

"Na wane ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Nawa ne, Inna."

Ta ture faifan geron ta tashi. Ni ɗan fari ne, tsakanina da ita akwai kunya, ba ta saba zama da ni mu biyu ba. Amma ranar ta ce in biyo ta. Ta buɗe ɗakin mahaifina, wanda tun da na dawo nake kewaye shi ban shiga ba. Rigarsa na rataye a ƙusa, ɗakin duk ƙamshinsa. Ta shimfiɗa buzunsa ta ce in zauna, ita ta zauna gefe a ƙasa.

Ta ce, "Kai ja kawai. Ni zan ƙirga."

Na fara. Tana lanƙwasa gaɓoɓin yatsunta, ni ina faɗa. Ashirin na farko da kunyar dariyar da aka yi mani na ja su. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji muryata na kama da tasa, yadda yake jan kalmar a hankali in ya dawo daga masallaci. Wajen sittin da wani abu kuka ya taso mani. Na yi ƙoƙarin in danne, abin ya fi ƙarfina. Na kifa kai a kan buzun na yi kukan da ban yi ba kwana ashirin da ɗaya, irin na ƙaramin yaro, da majina da komai.

Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta dai riƙe babban yatsanta a kan gaɓar da muka tsaya, ta jira. Da na ɗan lafa ta ce, "Ba sauri muke ba, arba'in sai gobe." Can kuma ta ce, "Ka daina ƙullatar baffanka. Shi mai ɗakin nan ya ce kada a tashe ka daga jarrabawa. Ya ce yaron ya kusa zama malami, a bar shi ya ƙarasa."

Na share fuska na ci gaba daga inda yatsanta yake. Da muka kai, ta buɗe hannunta ta ce, "Ta cika."

Da yamma na samu baffa a zaure na ba shi haƙuri, ya ce shi bai ma san na riƙe shi ba. Sakamakon jarrabawa ya fito bayan 'yan watanni, na ci, aka tura ni wata firamare a ƙasar Faskari, daga nan aikin koyarwa ya miƙa. Goggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina ba ni kunya a gaban ɗalibaina da surukaina ba. Duk inda ta gan ni sai ta ce, "A'a, ga mai tsallake liman."

In na waiwaya yanzu, abin da ya fi ba ni kunya ba ƙirgan da ban yi ba ne. A'a, yadda da na ga giɓi, nan take na raba shi daidai wa daida a kan mutum bakwai, ko a mafarki ban kawo cewa duka nawa ba ne. Tun daga ranar, in lissafi ya ƙi fita a aji, allona nake fara dubawa kafin littafin yaro. Na kuma ga da idona cewa babu abin da ya cika girma in an samu masu kama maka shi. Lambar da ta hana mahaifiyata cin abinci, da aka raba ta bakwai, ta koma abin da ake gamawa kafin shayi ya huce.

Amma ban taɓa yin da-na-sanin kuskuren ba. Da lissafina ya fita daidai yadda na yi alfahari zai fita, da na tattara jakata bayan arba'in na bar gidan da busasshiyar zuciya. Ɗarin nan da na zubar ita ta shigar da ni ɗakin mahaifina, kuma ban da ita, ban san ranar da zan yi masa kuka ba.